Gwajin manhaja da taswira: wa ya taɓa yi a cikinmu?

Ɗan Mabera: Assalamu alaikum jama'a. Mu uku ne muna gina manhajar adashe ta Android. Duk gyaran da munka yi sai mun zauna muna danne-danne da hannu har dare. Na ji ana batun gwaji da taswira, wai ka zana yadda manhaja ke tafiya, kwamfuta ta fitar da gwaje-gwajen da kanta. Da mi za mu fara?

Malamin Dundaye: Wa alaikumus salam. Fara da GraphWalker, manhajar da ke fitar da gwaje-gwaje daga irin wannan taswira. Kyauta ne, da yaren kwamfuta na Java aka rubuta shi. A taswirar, kowane hali da manhaja ke shiga ana zana shi da da'ira, kowane danni da kibiya. Sai ka ce ya yi ta yawo har ya taka kowace kibiya, ka haɗa shi da Appium, manhajar da ke sarrafa waya da kanta, ya riƙa danna wayar. Ba sabon abu ba ne, Microsoft sun yi irinsa da manhajarsu Spec Explorer wajen tantance takardun ƙa'idojin sadarwa na Windows.

Yayar Runjin Sambo: Allah gafarta Malam, ka faɗa mashi wahalar ma. Inda na yi aiki mun zana taswirar manhaja kaf, daga rajista har saituna. Ba a jima ba mai tsara shafuka ya sake fasali, taswira ta koma ƙarya. Babu wanda anka ɗora wa gyaranta, sai ta mutu a banza. Wannan ke korar kamfanoni daga hanyar nan. Ƙanena, zana wurin biyan kuɗi kaɗai, can kuskure ke da ciwo.

Mai gyaran waya: Ni ba injiniya ba ne, amma ku sa yankewar netwok cikin zanenku. Mutum ya danna tura kuɗi a hanyar Illela, sabis ya ɗauke, ya sake dannawa. Sau nawa za a cire? Sannan ƙananan Itel da Tecno da ake kawo mini, kana fita duba lambar sirri a saƙo, wayar ta kashe manhajar.

Yayar Runjin Sambo: Yauwa! Ko wannan kaɗai ya isa dalilin zane. Mai gwaji da hannu bai cika tuna "an tura, amsa ba ta dawo ba".

Malamin Dundaye: Na karɓi gyara. Kafin nan ku saki Monkey, kayan gwaji na Android, danni ne barkatai amma yana tono faɗuwar manhaja, sai Robo na Firebase Test Lab, wurin gwajin manhaja na Google, mai zagaya shafuka da kansa. Facebook ma wani kayan gwaji mai suna Sapienz sunka ɗauka a 2017, shi ke lalubo hanyoyin ba tare da an zana mashi ba. Sai dai irin waɗannan ba su san an ci kuɗin mutum sau biyu ba.

Ɗan Mabera: Na gode ƙwarai. Yaya, in na zana na biyan kuɗin zuwa Asabar za ki duba mini?

Yayar Runjin Sambo: Turo. Ko a takarda ne ka ɗauko hoto.