Neman kalmar Hausa: na'urar da ke riƙe gudun motar lantarki

Mai Fassara: Assalamu alaikum. Ranar Juma'a zan gabatar da shirin rediyo kan motocin lantarki, kuma ina neman sunan da zan ba abin da Turawa ke kira adaptive cruise control. Direba yana zaɓar gudun da yake so, ya ɗage ƙafa daga totur, sai rada (na'urar gano nisan abu) da kyamara su riƙa auna tazarar da ke tsakaninsa da motar gaba, motar ta rage gudu ko ta ƙara da kanta.

Injiniya: Wa'alaikumus salam. A ce "na'urar daidaita gudu da tazara", domin riƙe gudu kaɗai tsohon abu ne, kamfanin motoci na Chrysler ya saka shi a motarsa tun 1958. A motar lantarki kuwa, idan na'urar ta sassauta tun daga nesa, injin ne ke rage gudun, yana juyawa kamar janareto yana mayar da wuta cikin batir, maimakon birki ya ƙone ƙarfin ya zama zafi. Saboda haka a ƙara "mai tsimin wuta".

Malamin Hausa: Injiniya, wannan ai bayani ne, suna bai kamata ya kai kalma takwas ba. Na daɗe ina cewa "linzamin gudu", tunda da linzami mahayi ke tsayar da doki ko ya sake shi. Ban da haka, "na'ura" aron Larabci ce, kuma abin kunya ne mu riƙa ara alhali muna da namu.

Malama Edita: Allah ya gafarta Malam, mai sauraron labarai da ya ji "linzami" makami mai linzami zai fara tunawa. Kuma mota da birki da totur duk aro ne, amma babu direban da ke jin kunyar faɗinsu a tasha.

Malamin Hausa: Da irin wannan sakaci ne 'ya'yanmu suka koma ganin Turanci ne kaɗai harshen ilimi.

Injiniya: Malam, ba mu raina Hausa ba. Matsalar ita ce linzami yana hannun mahayi, wannan kuwa tana aiki ne bayan direba ya sakar mata ragama.

Mai Fassara: Na gode. Zan yi amfani da na Injiniya a farkon shirin, daga baya in taƙaita zuwa "madaidaicin gudu".

Malamin Hausa: "Madaidaici" na nufin matsakaici, don haka ki bar dogon yadda yake. Na haƙura saboda Juma'a ta matso, amma ban janye "linzamin gudu" ba.