Kamfanin kwamfuta na gida zai ci kasuwar Sakkwato da talla kuwa?

Malam Bello (mai cibiyar CBT, inda ake rubuta jarrabawa da kwamfuta): Salamu alaikum. Wani kamfani mai harhaɗa kwamfuta a Legas ya turo mini tsarinsa na shigowa Arewa: talla a rediyo, alluna a bakin titi, rangwame ga ɗalibai. Ni a ganina zubar da kuɗi ne. Tun da JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya a 2015, mu da makarantu ne manyan masu saye, kuma ɗaki guda muke cikawa mu jona da saba, wato babbar kwamfutar da sauran ke dogara da ita. In suwic, na'urar da ke haɗa kwamfutocin, ya ƙone ana tsakiyar jarrabawa, injiniya nake so a cikin garin nan, ba lambar waya a Ikeja ba.

Nasiru mai gyara: Wallahi haka ne, Malam. Ƙurar hunturu ta toshe fanka, zafin Afrilu ya haura digiri 40, sai ka ga kwamfuta tana mutuwa da kanta. HP ko Dell tokumbo, in ramin kebul ɗinta ya lalace, a nan zan samo wata matatta in ciro. Ta sabon kamfani fa, ina zan samu?

Hajiya Rabi (mai shago): Ku yi haƙuri, ban yarda ba. Ɗalibin Danfodiyo in ya shigo shagona, suna yake tambaya, ba ya tambayar injiniya. Zinox, kwamfutar da ake harhaɗawa a nan Najeriya, ta fito tun 2001, har da alamar Naira a kibod ɗinta, amma yaranmu nawa suka san ta? Ku dubi kamfanin Commodore na Amurka. Kwamfutar Amiga da suka fitar a 1985 ta yi wa tsararrakinta fintinkau a hoto da sauti, ba su iya tallata ta ba, a 1994 kamfanin ya karye.

Aminu: Hajiya, ai akwai misalin da ya haɗa maganarku. A 1998 Apple ya fitar da kwamfutar iMac, ya cire wurin fulofi (tsohon faifan ajiya), ya sa modem da Ethernet, wato kayan jona intanet, a ciki, tallan kuma ya ba da ƙarfi a kan sauƙin hawa intanet. Abin da Malam ke nema, wato sauƙaƙa wa mai saye, shi suka tallata suka sayar.

Hajiya Rabi: To wa zai biya albashin injiniyan da hayar ofis kafin a sayar da ko guda? Kasuwarmu ba ta kai ta Kano ba, ɗana.

Malam Bello: Ba sai ofis a kowane gari ba, Hajiya. Su horar da irin su Nasiru, su ajiye musu suwic, caja da batir, ofishi ɗaya ya riƙe Sakkwato da Kabi da Zamfara. In sun rubuta mini haka a takardar garanti, gobe zan yi oda.

Nasiru mai gyara: Kuma su yarda in buɗe ta in gyara ba tare da garantin ya faɗi ba. In ba haka ba, ko an horar da ni sai an kai ta Legas.