Dodon koɗin Partula na tsibirin Moorea: daga "ya ƙare a daji" zuwa "yana bakin ƙarewa", ina abin murna a nan?

Ɗalibar Halittu:
Assalamu alaikum malamai. A 2025 ƙungiyar IUCN, mai tantance halittun da ke cikin haɗarin ƙarewa a duniya, ta cire Partula tohiveana, wani ƙaramin dodon koɗin bishiya na tsibirin Moorea da ke kusa da Tahiti a tekun Pasifik, daga rukunin halittun da suka ƙare a daji, ta mayar da shi rukunin waɗanda ke bakin ƙarewa. Wace hujja ake buƙata kafin a yi irin wannan sauyi? Kuma tunda abin da ya cinye su tun farko yana nan a tsibirin, me zai hana a koma gidan jiya?

Malam Na-Tsibiri:
Wa alaikumus salam, Malama. Sai mun koma baya kaɗan kafin amsar ta zauna.

A 1967 aka kai ƙaton dodon koɗin nan na Gabashin Afirka, Achatina fulica, Tahiti don a riƙa kiwonsa ana ci. Ya kuɓuce ya afka wa gonaki, ya tsallaka Moorea. Sai hukumomi suka ɗauko wani dodon koɗi mai cin 'yan'uwansa daga Fulorida, Euglandina rosea, suka sake shi a Tahiti a 1974, a Moorea a 1977, don ya cinye ƙaton. Garin neman gira aka rasa ido. Maharbin bai kula ƙaton ba, ya bi ƙanana na kan bishiya, wato Partula, waɗanda tsawonsu bai wuce santimita biyu ba. Yana bin sawun yauƙin da suka bari, yana hawa bishiya, ƙaramin kuwa yakan haɗiye shi har da ɓawo. Zuwa 1987 an daina ganin Partula a dazukan Moorea.

Abin da ya sa suka kasa jurewa shi ne haihuwarsu. Partula ba ya zuba ƙwai. Ɗa guda yake haifa a raye, mai milimita ɗaya zuwa biyu, sannan a jira makonni kafin wani ya zo. Maharbin kuwa ƙwai yake zubawa da yawa a lokaci guda. Lissafin ba ya fita.

Game da hujja: duk wanda za a saka a daji ana ɗiga masa ɗigon fenti a ɓawo, irin wanda ke ƙyalli idan an haska shi da fitilar UV (mai wani irin haske da ido ba ya gani) da dare. Samun mai fenti a raye bai isa ba, don wannan ɗan gidan zoo ne da ya daɗe bai mutu ba. Abin da ake nema shi ne baligi marar fenti, wanda leɓen ɓawonsa ya yi kauri ya buɗe, alamar ya gama girma. Shi ke nuna an haife shi a daji kuma ya kai munzalin haihuwa a can. A 2024 aka samu irinsu a Moorea.

Hajiya Mai Kiwo:
Bari in ƙara da ɓangaren kiwo, don shi ya riƙe su kusan shekara 40. Gidajen zoo irin na Landan da Edinbara suna ajiye su a ƙananan akwatunan gilashi ko roba. Ana shimfiɗa takardar tishu mai danshi a ƙasa, a rufe sama da siririyar ledar rufe abinci. Ɗakin yana tsayawa tsakanin digiri 20 zuwa 24. Abincinsu kwaɓi ne: garin hatsin oat, garin ciyawa, abincin kifi, sinadarin bitamin, da garin ƙashin wani kifin teku don ƙarfin ɓawo. Ana shafa shi siriri a kan farantin roba su kankare, kamar yadda suke kankarar ruɓaɓɓen ganye a daji.

Inda ake samun matsala: kwaɓin ya kwana biyu ya yi fumfuna, ko tishu ya bushe su shige ɓawo su daina ci, ko ya jiƙe sharkaf jarirai su nutse. Jariran nan ƙanana ne ƙwarai, shi ya sa ake duba tsohon tishu da kyau kafin a zubar. Cunkoso ma yana rage haihuwa.

Mafi muni shi ne cuta. Partula turgida na ƙarshe a duniya ya mutu a gidan zoo na Landan ranar 1 ga Janairu 1996, bincike kuma ya gano wata ƙwayar cuta mai zama cikin jiki ce ta gama da su. Dalilin raba kowane jinsi a gidaje da yawa ke nan, da kuma gwajin lafiya kafin a ɗora su a jirgi.

Injiniya Ɗan Kurmi:
Tambayarki ta biyu ce mai nauyi, 'yar'uwa, kuma gaskiya babu tabbas. An gwada shinge a Moorea a 1994, mai wayar lantarki da kwararon gishiri. Reshe ɗaya ya faɗo ya haɗa ciki da waje, ko batir ya mutu, maharbi ya samu gada. Shinge a dajin da ruwa ba ya ɗaukewa sai da mai gadi kullum.

Tun 2015 aka koma sakin Partula kai tsaye a kan bishiyoyi, an saki sama da dubu 30 a tsibiran yankin. Abin da ya ba da wannan dama shi ne yawan Euglandina ya ragu bayan ya cinye abincinsa. Amma ga sabon baƙo, wata tsutsa mai faɗi daga Niyu Gini, Platydemus manokwari, ita ma tana cin dodon koɗi kuma tana iya hawa bishiya. Ni a ganina ita ce abin sa wa ido yanzu, fiye da tsohon abokin gaba.

Malam Na-Tsibiri:
Haka ne, Injiniya. Akwai kuma Partula hyalina na Tahiti da bai taɓa ƙarewa ba. Ɓawonsa fari ne, yana zama a gefen daji inda rana ke duka. Masu bincike daga Jami'ar Michigan sun manna wa maharbin 'yar ƙaramar na'urar auna haske, suka ga yana gudun hasken da farin ke jurewa. Tohiveana ba shi da wannan mafaka, ɗan inuwar cikin kwari ne, don haka ƙidayar marasa fenti za ta ci gaba duk shekara, kuma ba a rufe akwatunan Landan ba.