Guntayen raƙumina sun ƙi fita ta ƙasa, ina neman shawara

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu aikin katako. Ni a Damagaram nake, unguwar Birni. Idan na taso daga aiki nakan zauna da ƙaramin injin zarto mai siririn baki, ina yanka dabbobi gunduwa-gunduwa don yara su riƙa harhaɗawa: giwa, jimina, raƙumin dawa irin na Kure, kusa da Yamai.

Matsalar ga ta. A katako mai kaurin milimita 6 komai lafiya lau. Da na koma milimita 18, don dabbar ta iya tsayawa da ƙafafunta, sai guntayen suka riƙa fita ta sama kawai, ta ƙasa su cije. Yankan ya karkace ke nan. Na auna teburin injin da bakin zarton, digiri 90 cif, na ƙara ɗaure bakin har yana ƙara idan na taɓa shi. Duk da haka a kwana mai tsanani, kamar wuyan raƙumi, sai bakin zarton ya lanƙwashe, katakon ya yi baƙi yana warin ƙuna. Bakin zarto lamba 3 nake sawa (lambar girman bakin ce, 5 da 7 sun fi shi kauri). Samfefa tana gyarawa, amma guntun ya yi sako-sako, yaro na ɗagawa ya watse, kuma ba na son haka sam.

Shin lamba 5 ko 7 za ta warware wannan, ko turawar hannuna ce ta yi ƙarfi? Sannan na zagaya Kasuwar Dole ban samu irin waɗannan bakuna ba. Wanda ya san inda ake sayar da su a Kano ko Maraɗi, don Allah ya taimaka mini. Allah ya saka da alheri.