Yaro na jin Turanci, takardar jarrabawa ta ce ba ta san zancen ba

Alhaji na Xiaobei: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Daga unguwar Xiaobei a birnin Guangzhou na Sin nake neman shawara, musamman wurin masu yara a makarantun Sinawa. Babban ɗana ya shiga aji 9, wanda suke kira chusan, ke nan wajajen ƙarshen Yuni zai zauna zhongkao, jarrabawar shiga babbar sakandare. Lissafi ba ni da kuka. Turanci ne ya ɗaure min kai. Yaron nan da Turanci muke magana tun yana rarrafe, don uwarsa Basiniya ce, ni kuma Sinancina na ciniki ne kawai. Baƙi in sun zo shago shi ke min tafinta. Amma gwajin watan nan 61 ya kawo cikin 90. Yarinyar da ta zo ta ɗaya a ajinsu kuwa, ranar taron iyaye na gaishe ta da Turanci, sai ta sunkuyar da kai ta ɓuya bayan uwarta. Wane littafi zan saya masa?

Ɗalibin Nanjing: Wa alaikumus salam Alhaji. A sauke masa Baicizhan, manhajar haddar kalmomin Turanci, a waya. Kowace kalma da hotonta da jimlarta, kuma akwai jerin kalmomin zhongkao a ciki. Kalma 30 a rana, kafin azumi ya gama.

Maman 'yan biyu: Ƙanena, kai ba ka da ɗa shi ya sa. Ka miƙa wa ɗan shekara 15 waya ka ce ya yi karatu? An ba kura ajiyar nama ke nan. Nawa sun yi wata biyu da manhajar nan, kullum tana nuna sun cika adadi. Ranar da na rufe hoton da hannu na ce su faɗi ma'ana, sai kallon-kallo. Hoton suka haddace, ba kalmar ba.

Ɗalibin Nanjing: Hajiya, ai ana iya canza tsarin, ya zama sai yaro ya rubuta kalmar da kansa.

Maman 'yan biyu: Ana iya, in kana zaune a kansa. Ni ina kasuwa.

Malama a Wuhan: Alhaji, kafin a sayi komai, ina takardar gwajin? Ba makin nake so ba, takardar kanta. Na koyar da Turanci a sakandare a gida shekara 8 kafin in zo karatu nan, kuma bincikena a kan azuzuwan irin na ɗanka ne, don haka bari in ɗan tsawaita.

Wannan jarrabawa ba ta tambayar ko yaro zai iya sayar da atamfa da Turanci. Akwai manhajar karatu da Ma'aikatar Ilimi ta Sin ta fitar a 2022, a ƙarshenta akwai jerin kalmomi kimanin 1600 da ake so ɗan aji 9 ya mallaka. Masu shirya tambayoyi a kan jerin nan suke zaune. Yarinyar da ta ɓuya bayan uwarta ta san kalmomin nan ciki da waje: yadda ake rubuta kowacce, wace ƙaramar kalma ke bin ta, yadda take rikiɗa daga aikatau zuwa suna. Ɗanka wataƙila ya fi ta yawan kalmomi sau biyu, amma da kunne ya same su. Kunne kuwa ba ya gaya maka harafi nawa ne a "necessary".

Su Guangzhou Turanci maki 120 ne, 30 na saurare da magana a gaban kwamfuta, 90 na rubutu. Talatin ɗin nan kusan a aljihunsa suke. A cikin 90 ɗin ne ake zubar da jini, kuma na tabbata ba a ko'ina yake faɗuwa ba. Wuri biyu ne ko uku.

Alhaji na Xiaobei: Malama, Allah ya saka. Takardun suna wurin uwarsa, ba ta yar da ko ƙyalle. Zan karɓo da daddare.

Ɗan Maraɗi a Yiwu: Ni dai ina bin ku da ido. Lakwal ta Faransanci na yi, ita ma ban kai ko'ina ba. 'Yata tana aji 7, ta kawo min aikin gida na ce ta je wurin uwarta, uwar ta ce ta dawo wurina, wai ai ni baƙar fata ne dole na iya Turanci. Malama a riƙa sassautawa don irinmu.

Malama a Wuhan: To Malam, a sauƙaƙe. Yaran Sinawa inda suke tuntuɓe sananne ne, don harshensu ne ke jan su. A Sinanci aikatau ba ya canza siffa, ko jiya ne ko gobe, sai dai a ƙara wata kalma. Shi ya sa "go, went, gone" ke ba su wuya. Ba su da "a" da "the". A baki, shi da ita duk "ta" ne, sai a rubutu ake bambantawa, don haka za ka ji yaro ya kira uwarsa "he". Wannan na ƙarshen mu Hausawa ba ya damun mu, tun muna goye muka san ya zo da ta zo.

Amma akwai ramin da mu da su muke faɗawa tare. Mu muna cewa "duk da ya gaji, amma ya zo". Su ma haka suke haɗa suiran (duk da) da danshi (amma) a jimla ɗaya. Turancin jarrabawa kuwa bai yarda "although" da "but" su kwana ɗaki ɗaya ba, haka "because" da "so". Yaron da uwa Basiniya uba Bahaushe, ta ko'ina wannan kuskuren yake ji, wa zai gyara masa?

Dattijon zaure: Malama ta taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Alhaji, kar ka ji haushi, ni da kai mun fi shekara 15 a garin nan. Wani kason laifin namu ne. Turancin da muke yi a gida na Kantin Kwari ne. "Off the light." "I am hearing you." "Informations." "Let us discuss about it." Da shi muka yi arziki, ban raina shi ba. Amma mai duba takarda ja zai sa. Autata ta taɓa gardama da malamarsu har da kuka, wai babanta ya ce "furnitures", kuma babanta daga ƙasar Turanci yake. Da aka buɗe ƙamus, ni na ji kunya. Su kuma Sinawa "open the light" suke cewa, don a harshensu buɗe fitila ake yi. Yaro ya tashi tsakanin mai buɗe fitila da mai "off" ɗinta, "turn on" da "turn off" sai a aji zai gamu da su.

Alhaji na Xiaobei: Yaya, ka fasa ƙwai. Wallahi jiya na ce masa "off the AC".

Maman 'yan biyu: Tunda an zo nan, ga abin da ya yi min aiki, kuma bai kai yuan 10 ba. Littafin rubutu fanko. Sinawa cuotiben suke ce masa, littafin kurakurai. Duk tambayar da yaro ya faɗi, ya kwafe ta da hannunsa, ya rubuta amsar da ya bayar, ya rubuta ta daidai, sannan layi ɗaya: me ya sa na faɗi. Layin nan shi ne maganin. In ya rubuta "ganganci" ba na karɓa, sai ya faɗi ƙa'idar. Duk Lahadi bayan la'asar na ɗauki littafin in rufe amsoshin in tambaye su. Wadda aka ci sau uku a jere a soke ta. Hassana da ta tara na wata ɗaya sai muka ga rabin kurakuranta abu ɗaya ne, "since" da "for", da lokacin da ake cewa "have gone" da "have been". Usaina kuma nata duk tsarin jimla ne, ta rubuta "I don't know where is he" maimakon "where he is". Ciki ɗaya, aji ɗaya, malama ɗaya, ciwo daban. Da littafi ɗaya na saya musu na ce su bi daga farko zuwa ƙarshe, da an sha maganin ciwon da babu.

Ɗalibin Nanjing: Amma dai Hajiya dole a sami inda za a ɗebo tambayoyin. Littafin da kowa ya sani shi ne Wusan, wato shekara 5 na tambayoyin zhongkao da shekara 3 na gwaji. Yana kasuwar intanet ta Taobao, yana kowane kantin littattafai na bakin makaranta.

Malama a Wuhan: Wusan ba laifi, sharaɗi biyu. Na farko a duba bugun, don zhongkao ba irin gaokao, jarrabawar shiga jami'a, ba ce ta fuskar tsari, lardi ko birni ke shirya tasa, siffar tambayoyin Beijing daban da ta Guangzhou. Littafin aji ma ba ɗaya ba ne. Wurare da yawa na amfani da na kamfanin Renjiao, Guangzhou kuma na Oxford bugun Shanghai suke bi. Na biyu, kar a ce sai an cinye shi. Kauri gare shi kamar tubali. A buɗe babin da littafin kurakurai ya nuna, a bar sauran.

Malam na Yiwu, kai ka lura da wani abu: daga kakar karatu ta 2024 an fara sabbin littattafai daga aji 7. In wani ya ba 'yarka tsohon na yayansa, a gwada da na makaranta tukuna.

Ɗan Maraɗi a Yiwu: Madalla. To ni da ban iya ba, me zan yi mata?

Dattijon zaure: Ka yi allo?

Ɗan Maraɗi a Yiwu: Har izu 20 Baba.

Dattijon zaure: To ka fi kowa iyawa. Abin da Sinawan nan ke yi da asuba a aji, kowa na karatu da ƙarfi, zaodu, ba ka ga tsangaya ba? Sai moxie, a rufe littafi a rubuto daga ka. Mu ma haka aka yi mana: a biya, a hadda, a wanke, sannan tilawar baya kada ta zube. Su suna kiran sunan wani Bajamushe, Ebbinghaus, wai shi ya auna yadda mantuwa ke cin karatu, shi ya sa suke maimaita kalma washegari, bayan kwana biyu, bayan mako. Alarammanmu bai taɓa jin sunansa ba, amma dokar ke nan. Kai riƙe jerin, ka faɗi lamba ko ta karanta Sinancin, ta rubuta Turancin, ka gwada harafi da harafi. Ba sai ka san ma'ana ba kafin ka ga harafi ya ɓace.

Malama a Wuhan: Baba ya yi gaskiya, sai dai in ƙara ɗaya. Kar a haddace kalma tsirara. A haddace ta da 'yan rakiyarta: "interested in", "good at", "look forward to doing", "spend time doing". Sashen cike gurbi a cikin labari kusan duk a nan yake kama yara. Zaɓi huɗu za a ba ka, duka ma'anarsu ta yi kusa, ɗaya ce kawai ke tafiya da kalmar da ke gaba.

Ɗalibin Nanjing: Littattafan koyon Turanci na New Concept fa? Abokaina Sinawa duk sun ce da littafi na biyu suka tashi, darasi 96, gajerun labarai masu ban dariya.

Malama a Wuhan: Ga 'yar aji 7 mai shekara biyu a gaba, eh, darasi biyu a mako, nahawunsa a jere yake kamar matakala. Tsoho ne, tun 1967, wasu kalmomin sun yi furfura, amma ginin jimlarsa garau. Ga ɗan Alhaji kuwa a'a. Wata nawa suka rage? Ba a fara haƙa rijiya ranar da gobara ta tashi.

Ɗalibin Nanjing: Alhaji in ana so, lokacin hutun sanyi ina zuwa Guangzhou, sai in riƙa yi masa darasi, a ba ni na mota kawai.

Dattijon zaure: Ɗana, goge wannan. Bizar karatu gare ka, ba a aikin kuɗi da ita haka kawai. Kuma tun Yulin 2021 da aka kawo dokar rage wa yara nauyi, darasin kuɗi na irin waɗannan fannoni a ƙarshen mako da hutu an hana shi. Ka zo ka ci tuwo a gidan Alhaji, in yaro ya tambaye ka abu ka amsa, wannan zumunci ne.

Ɗalibin Nanjing: Na ji Baba. Tuba nake.

Maman 'yan biyu: Ba wanda ya yi maganar insha'i. Kalma 80 ne ko kusa da haka, sau da yawa wasiƙa, wai kai ne Li Hua, sunan da masu tambaya ke laƙaba wa ɗalibi, kana rubuta wa abokinka na waje. Li Hua ɗin nan ya fi kowa abokai a duniya, kuma bai taɓa rubuta wasiƙarsa da kansa ba. Ana ba da jerin abubuwan da za a faɗa, in ka tsallake ɗaya an cire maki, komai daɗin Turancinka. Yaranmu masu baki su ne ke tsallakewa, don suna ganin abin ya yi musu ƙanƙanta, sai su kama labarin da ba a tambaye su ba. Sannan rubutun hannu. Hoton takardar ake ɗauka a duba a kwamfuta, shi ya sa suke koyon wani salo mai zagaye-zagaye, harafi a rarrabe, da ake kira rubutun Hengshui. Akwai littafin kwaikwayonsa, mai arha. Minti 10 kullum.

Alhaji na Xiaobei: Jama'a na dawo. Uwarsa ta fito da takardu 4 daga cikin leda, a goge kamar kuɗi. Mun zauna mu uku mun ƙirga. Karanta labari a amsa tambaya, ɗaya ko biyu kawai yake faɗi. Nahawu da rubutun kalma nan ne ɓarnar: "ed" da "s" na ƙarshen kalma ya yar da su wuri 11 a takarda ɗaya. A insha'i malamar ta zagaye "although" da "but" da jan biro, kamar Malama tana wurin. Akwai kuma "advices", na san gidan da ya samo ta. Hajiya, littafin kurakuran nan mai layi ake saya ko fanko? Kuma da Sinanci zai rubuta dalilin ko da Turanci?

Maman 'yan biyu: Mai layi, Alhaji. Dalilin da Sinanci, don uwarsa ta iya kama shi in ya rubuta "ganganci".