Kaepernick: korarsa aka yi ko wasansa ne ya ƙare?

Baban Khalifa: Jama'a, ni fa har yau ban yarda cewa durƙuson da ya riƙa yi a 2016 lokacin rera taken ƙasa, don nuna adawa da zaluncin 'yan sanda a kan baƙaƙen fata, shi ne ya raba mai jefa ƙwallo Colin Kaepernick da ƙwallon Amurka ba. Wasansa ya riga ya mutu. Tun 2015 ƙungiyarsa San Francisco 49ers suka zaunar da shi a benci suka sa Blaine Gabbert, lokacin ko zancen taken ƙasa ba a fara ba. A 2016 ya fara wasa 11, guda ɗaya tak ya ci. Kuma shi da kansa ya fita daga kwantiraginsa a Maris 2017. To ina korar?

Maman Ummi: Haba Baban Khalifa, ka kawo rabin lissafi ka ɓoye rabi. A wannan 2016 ɗin jifansa 16 ne aka ci maki da su, sau 4 kawai abokan hamayya suka cafke masa ƙwallo. Ƙungiyar ce gaba ɗaya ta ruɓe, wasa 2 suka ci cikin 16. Bayan tafiyar koci Jim Harbaugh sun riƙa sauya koci kowace shekara, Tomsula shekara ɗaya, Chip Kelly shekara ɗaya. Ga tiyata da aka yi masa a kafaɗa da gwiwa da babban yatsa. Batun kwantiragi kuwa, John Lynch da ke kula da 'yan wasan ƙungiyar ya faɗa da bakinsa cewa da bai fita ba sallamarsa za su yi.

Baban Khalifa: Hajiya ai kin ƙara mini hujja. Masu shi ma ba sa son sa.

Ɗan Fagge: Yaya, tsaya. Ba wanda ya ce a 2017 yana cikin gwanaye biyar na masu jefa ƙwallo. Tambayar ita ce, ƙungiyoyi 32, kowace tana riƙe da mai jefawa biyu ko uku, a ce duk cikinsu babu gurbi ko na jiran ko-ta-kwana ga ɗan shekara 29 da ya kai ƙungiya Super Bowl, wato wasan ƙarshe na cin kofin gasar? Mutumin da ya yi gudun yadi 181 a kan Green Bay a Janairun 2013, sannan a Super Bowl ɗin Baltimore Ravens suka sha da ƙyar a hannunsu 34 da 31. A shekarar da aka ce ya ƙare, Chicago Bears suka ba Mike Glennon kwantiragin dala miliyan 45, alhali rabonsa da fara wasa tun 2014, bayan wasa 4 suka ajiye shi. In gwaninta ake bi, ku yi mini bayanin wannan.

Malam Na Zariya: In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Safar da ya sa mai hoton aladu da hular 'yan sanda, da rigar Fidel Castro, sun ba maƙiyansa abin kamawa. Gwajin da NFL, hukumar gasar ƙwallon Amurka, ta shirya masa a Atlanta a Nuwamban 2019 ma, ana gab da farawa ya mayar da shi filin wata makarantar sakandare, wakilan ƙungiyoyi da dama ba su bi shi can ba.

Maman Ummi: Allah gafarta Malam, gwajin da aka sanar da shi kwanaki kaɗan kafin ranar, aka sa shi ranar Asabar ana shirin wasannin Lahadi, ga takardar yafe haƙƙi da lauyoyinsa suka ƙi? Wannan na wanke kai ne. Kuma mutane suna mantawa, da farko zama yake yi. Tsohon soja Nate Boyer ne ya ba shi shawarar durƙusawa don a girmama sojoji. Duk da haka a Satumban 2017 Trump ya tsaya a Alabama ya ce masu ƙungiyoyi su kori duk mai durƙuso. Wane attajiri ne zai ɗauke shi bayan wannan? Ba yau farau ba, a 1996 hukumar gasar ƙwallon kwando ta NBA ta dakatar da ɗan wasa Mahmoud Abdul-Rauf kan ƙin tsayawa ga taken.

Baban Khalifa: To ai ba a bar shi a tsiya ba. Nike ta sa shi a talla a 2018, Amnesty ta ba shi lambar yabo. Durƙuson ya fi masa ƙwallon riba.

Ɗan Fagge: Wannan kuma wata magana ce ka ɗauko. In ya ƙoshi, me ya kai shi gwaji wurin Las Vegas Raiders a 2022, shekara biyar ba ya wasa? Sannan ƙarar da ya shigar a Oktoban 2017 cewa masu ƙungiyoyi sun haɗa baki sun ƙi ɗaukarsa, me ya sa NFL ta yi sulhu da shi da abokin durƙusonsa Eric Reid a Fabrairun 2019 aka rufe zancen?

Malam Na Zariya: Sulhu dai ba hukunci ba ne, ɗan'uwa. Haɗa baki sai an nuna cewa sun yi shawara a tsakaninsu. Mai yiwuwa kowane mai ƙungiya shi kaɗai ya ji tsoron fushin 'yan kallo.

Maman Ummi: Ko sun haɗa baki ko kowa ya tsorata a ɗakinsa, Malam, dalilin dai durƙuson ne, kuma shi Baban Khalifa yake musawa. Bayan kisan George Floyd a 2020 shugaban NFL Roger Goodell ya fito ya ce NFL ta yi kuskure da ba ta saurari 'yan wasa ba, ko sunan Kaepernick bai ambata a saƙon ba.

Baban Khalifa: Naku dai. Wasa ɗaya cikin 11 yana nan bai goge ba. Amma batun Glennon ɗin nan, Ɗan Fagge, a cikin miliyan 45 ɗin nawa ya shiga aljihunsa kafin su sallame shi?