Bindigar iska: ta hannu ko sabuwa? Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa riƙewa

Mai Lambun Babale: Assalamu alaikum. Ina da lambu a wajen Babale kusa da Jos, kabeji da karas da 'yar masarar rani. Kurege ya hana ni sakat, sau biyu ina shuka yana tonewa, hasbiya kuma tana bin sauran. Wani ya kawo min bindigar iska ta hannu, 'yar Chaina mai karyawa (wadda ake lanƙwasa bututunta a ɗana ta), mai cin dalma milimita 4.5, ya ce dubu 85. A wani shago kuma na ga sabuwa ƙirar kamfanin Hatsan, mai cin dalma milimita 5.5, dubu 230. Dubu 150 ke hannuna, ciko sai na yanki kabeji. Wacce za ta kashe kurege nan take ba tare da ta wahalar da shi ba? Kuma da wane mai ake kula da ita? Ban taɓa riƙe bindiga ba.

Ɗan Rikkos: Wa alaikumus salam. Manta da duk waɗannan, ka nemi wadda ake yi wa famfo. Ba ta girgiza, inda ka auna nan za ta sauka.

Injiniya Bukuru: Mutum ya ce dubu 150 gare shi, kai kana kai shi ga wadda famfonta kaɗai zai cinye rabin kuɗin? Malam mai lambu, kurege 5.5 yake so. Dalmar 4.5 ta fi gudu amma ba ta da nauyi, ta tsuntsu ce. Kuma kada ka wuce taku 25 zuwa 30, ka auni kai. Lambobin gudun da ke jikin kwali kuwa kada su ruɗe ka. Jos ta haura mita 1,200 daga teku, iskarmu ba ta da kauri, bindiga mai sifirin kuma, irin mai karyawar nan, iskar da ta tarar a cikinta take matsawa, don haka ƙarfinta a nan bai kai na Legas ba.

Baban Khalifa: Tunda ka tambayi mai, tsaya ka ji abin da mai ya ja min. Shekara uku ke nan. Na sayi ta hannu irin wadda aka kawo maka, ta fara rage ƙarfi, wani ya ce ƙishirwa take ji, in ɗiga mata man keken ɗinki a ramin da iska ke fitowa. Na ɗiga ba kaɗan ba. Bayan magariba na kafa gwangwanin madara a jikin katanga na ja kunama. Wallahi ƙarar da ta yi ba ta bindigar iska ba ce. Farin hayaƙi ya fito, warin ƙonannen mai ya cika tsakar gida. Mai awarar ƙofar gidanmu ta kifar da kaskonta ta ruga, mata suna kiran yara, shaguna suka fara rufewa. Kun san garin nan, harbi ɗaya da daddare ya isa. Kafin isha'i 'yan sintiri sun cika layi, aka miƙa ni gaba. Kwana biyu na yi a tsare, tambaya ɗaya ake maimaita min: ina takarda? Sai da dattawan unguwa suka tsaya min. Abin da na kashe ya ninka kuɗin bindigar, ita kuma ban sake ganinta ba. Abin da ya fi min ciwo, har yau akwai maƙwabcin da ba ya barin yaransa su shigo gidana.

Injiniya Bukuru: Allah ya kiyaye gaba, Baba. Abin da ya faru shi ne iskar da aka matsa ta yi zafi ta kunna man, kamar injin dizal. Yana ƙona robar ciki, yana iya karya sifirin. Man silikon kaɗai ke shiga ramin nan, ɗigo ɗaya ko biyu, shi ma sai an daɗe. Jikin ƙarfen kuma a goge da tsumma mai ɗan maiƙo, musamman a Yuli da Agusta da tsatsa ke kamawa cikin kwana biyu. Kada a harba ba dalma a ciki, kada a bar ta a ɗane ta kwana.

Malamin Makaranta: Baban Khalifa ya taɓo inda ya kamata a fara. Dokar makamai ta 1959 ta sa bindigar iska a jerin waɗanda sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda, layi ɗaya da bindigar farauta. A watan Agustan 2023 kuma an sanar da dakatar da ba da sabon lasisi. Ka je hedikwata ka tambayi halin da ake ciki kafin ka ba kowa ko sisi.

Ɗan Rikkos: Dubu 230 ma an cuce ka. Abokina ya ɗauki ƙirar kamfanin Gamo a dubu 120.

Alhaji Farin Gada: Yaushe? Kafin dala ta tashi ko? Ni watan jiya na taya Gamo aka ce min 310, ba ragi. Gwangwanin dalma da nake saye dubu 4 yanzu 15 ne.

Ɗan Rikkos: Dubu 9 na saya makon nan.

Alhaji Farin Gada: Buɗe ka duba, rabi a lanƙwashe suke.

Tsohon Maharbi: Yara kuna ta lissafi. Shekara 40 ina shiga dajin Toro, fakara da zomo da zabon daji ba wanda ban ɗauko ba. Wanda ya koyi bindiga a waya ba zai koya wa mutum harbi ba. Kurege dabara yake so: ka gane raminsa, ka zauna tun hantsi iska na busowa daga wajensa. Ka yi bisimilla kafin ka saki, in ka tarar da sauran rai ka yanka.

Injiniya Bukuru: Allah ya ƙara girma, Baba, ba wanda ya isa ya ja da ku a daji. Amma adaka kuka riƙe, ita kuwa wannan dabanta daban. Adaka ana danne ta a kafaɗa, mai sifirin in ka matse ta sai ta watsa. A tafin hannu ake ɗora ta a sake.

Tsohon Maharbi: Kurege nawa ka kashe?

Auta: Baba, Injiniya gwangwani 200 ya kashe, ba wanda ya tsira.

Maman Ilham: Ku yi haƙuri in sa baki. Duk wanda zai saya don Allah ya kulle ta. Tantabaru 14 nake da su, yanzu saura 6. Yaron layinmu ne ke ɗaukar ta yayansa yana harbinsu a kan kwano. Ɗaya ta faɗo tsakar gida da dalma a fiffike, 'yata na wanke-wanke a wajen. Da idonta ta samu fa?

Alhaji Farin Gada: Kin kai ƙara wajen mai unguwa? Mu fitilar sola biyu aka fasa mana a masallaci.

Maman Ilham: Na kai. Uban ya ce ba shaida. Dalmar tana nan na ƙulle a leda.

Mai Lambun Babale: Na gode ƙwarai. Zan fara zuwa tambayar takardar. Amma har yanzu ba wanda ya ce min ko ta dubu 85 ɗin nan tana da amfani. Me zan duba a jikinta?

Ɗan Rikkos: Hajiya, tantabarun naki 'yan gida ne ko masu tsada? In kina sayar da sauran shidan ina so.